Baba Kambai da Itacen da Ke Hutu da Damina

Kullum da sassafe, kafin jirgi ya yi kuka a tashar Kafanchan, Baba Kambai ya riga ya tsugunna a turken awakinsa yana tonon kashinsu. Ƙwayar gawo yake nema. Daga Zariya ake kawo masa 'ya'yan, ya ba awaki su ci, wai ta haka suke saurin tsira. Leburan gandun daji ne, bana ya yi ritaya. Ina son yabonsa, amma har yau ban gama gane abin da ya yi ba.

Masu haƙar kuza sun bar wa Afiniki, matar marigayi Meshak, gona tsakuwa zalla, ko acca ba ta yi. Ta shirya komawa gidan ubanta, in kuwa ta tafi, ƙasar ta fita hannun 'ya'yanta ke nan. Baba ya roƙe ta ta dakata, ya dasa mata gawo. Ta dakata, shekara da shekaru tana ƙwadago a gonakin mutane, tana jiran tata gonar ta gyaru.

Mu nan ba mu san gawo ba. Damina na sauka ya zubar da ganye, mata suka ɗauka ya bushe, suka shiga sara. Baba ya ɗaura wa sauran tsumma don a ƙyale su, sai dattawan ikkilisiya suka kira shi, wai tsafi ne.

Afiniki ma ta gaji. "Baba, itacen nan ya mutu a gona na."

"Hutawa yake."

"Da damina?"

"Ni ma ban sani ba, yarinya na. Haka na gani a Katsina."

Malamin gona ya ce saiwar ke jawo taki daga iska kamar gyaɗa, ganyen kuma ya ruɓe a ƙasa. Na gyaɗa kai, amma taki daga iska ya fi ƙarfin kaina. Abin da na gani dai shi ne dawa ƙarƙashin gawon da suka tsira, ta fi ni tsayi.

Baba Kambai, kai ne mai haƙurin da aka kira mahaukaci, aka kira matsafi, ba ka ko iya kare kanka ba. Mun gode, Baba, Ubangiji ya ƙara maka kwana. Ku kuma masu gatari, in kun ga abin da ba ku gane ba, ku tambaya kafin ku sara. Afiniki ba ta tafi ba, kuma makon jiya babban ɗanta ya fara ginin ɗakinsa a bakin gonar ubansa.