Ranar da Ban Ce Jida Ba

Shekaranjiya hannuna na cikin ƙullun fanke, sai na ce wa ɗiyata ta ɗauki waya ta karanta mini saƙon da babanta ya turo daga Malbaza. Ta ƙura wa wayar ido, ta ce, "Wai sai bayan la'asar zai iso jida." Na tsaya cak. Yarinya ta ɗauka wani laifi ta yi, ta ajiye wayar a kan turmi ta ja da baya. Ba laifin da ta yi. Kalmar ce ta kwashe ni daga tsakar gidana na Konni ta kai ni ƙauyenmu Tajaye, gindin bedin kakata, itacen da wasu ke kira dogonyaro.

In kai ba ɗan lakwal ɗin ƙasar nan ba ne, wato makarantar bokonmu, bari in warware maka. Mu da Faransanci aka buɗe mana ido. A can in harafin g ya haɗu da i, ji ake cewa, shi ya sa ma suke cusa wani u a tsakiyar Badaguishiri don kada sunan ya lalace musu. In c ya haɗu da e kuwa, se ne. To, ka ba yaron da ya tashi a haka takardar Hausa ka sha mamaki. Gida ya koma jida, ta ce ya koma ta se, can ya koma kan. Ni wadda ta raba ni da wannan kuskure kakata ce, tsohuwar da har ta koma ga Allah ba ta san harafi ko ɗaya na boko ba.

A hannunta na tashi. Babana shi ne ɗanta na fari. Ina da shekara huɗu ya bi samarin gari cin rani kurmi, can kudu, bayan an gama girbi, damina ta faɗi, kowa ya dawo ban da shi. Shekarar farko aka ce an gan shi yana dako a wata tasha. Ta biyu aka ce ya ƙara gaba, bakin teku. Daga nan ba a sake cewa komai ba. Mahaifiyata ta yi jira iya jira, alƙali ya raba auren, ta koma garinsu ta yi wani. Kaka ta ce ni kam ba inda za ni.

Ka san yadda muke da ɗan fari. Uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta tambayar labarinsa a gaban mutane, ba ta yi masa kuka inda ido zai gani. In 'yan cin rani sun sauka, mata na rububin tambayar nasu, ita tana zaune tana kaɗi kamar ba ta taɓa haihuwa ba. Amma duk bazara sai ta sa baffana, ƙanen babana, ya yaɓe ɗakin da ya bari ya gyara masa rufi. Kuma ba ta yarda a yi masa sadakar mamaci ba. Liman ya yi magana, baffa ya yi, amsarta ɗaya ce: "Wa ya ga gawa?"

Baffa mota yake tuƙawa tsakanin Konni da Illela. Wata rana, ina 'yar shekara goma sha biyu, ya shigo da wani ɗan littafi mai koren bango da wata fasinja ta manta a kujera. Ya jefo mini shi. "Ke 'yar lakwal, mu ga ko karatun naki na da amfani."

Irin littattafan nan ne na Hausa da ke tsallako iyaka cikin kayan 'yan kasuwa, siriri, takardarsa kamar ta ƙunshe ƙosai, an rubuta "na ɗaya" a jikinsa. Bayan azahar na zauna gindin bedi kusa da kaka, na buɗe, na fara da ƙarfi don a san ni ma wata ce. Ban ci layi uku ba ta tsayar da mazari.

"Jida? Jidar mi? Hatsi za shi kwasa?"

Na ce haka aka rubuta.

"Ba haka mai shi ya rubuta ba. Gida dai. Koma."

Wallahi na ji haushi. Ni da ke zuwa ta ɗaya a aji, tsohuwar da ba ta san gaban takarda da bayanta ba ce za ta gyara mini karatu? Amma na koma. Haka muka yi ta yi, ni da ido ita da kunne, ina tuntuɓe tana tayar da ni, har rani ya raba. C ɗin nan na shawo kansa da wuri. Gida ne ya gagare ni. Da labari ya yi daɗi na fara sauri, sai bakina ya koma lakwal, in ji ta daga gefe ba tare da ta ɗago ba, "Gida."

Labarin wani saurayi ne, ɗan wata gwauruwa mai sayar da daddawa, wanda ya tafi kudu neman abin da zai rufa wa uwarsa ɗaki da kwano. In faɗa maka gaskiya, yanzu da na karanta littattafai da dama, ba wani gwanin littafi ba ne. Kurakuran bugu birjik. Marubucin yana da son zuba, shafi biyu zai ci yana lissafa kujerun falon wani attajiri, rabin na biyun kuma ya ƙare a kan 'yar attajirin nan da ta ƙwallafa rai a kan saurayin. Kaka ba ta da haƙurin wannan. "Tsallake, wagga ba ta da aikin yi." Hausar ma tana yi mata dariya, wai mutanen Kano duk sun tauna magana kafin su furzar. Amma abu ɗaya mai littafin ya sani, ya san jira. Akwai inda ya ce uwar takan zuba tuwo a kwano biyu, sai ta tuna, ta juye ɗaya cikin ɗaya. Da na karanta wurin, mazarin kaka ya daɗe bai juya ba.

A lokacin ban gane abin da ke faruwa ba sai a hankali. Ita da ba ta isa ta tambayi ɗanta ba, ga wani ɗa da babu kunya tsakaninsu. "Yaron nan ya ci abinci kuwa?" "Wanga ubangida nashi ba shi da imani." "Ba shi aiko ko da saƙon baki?" Duk tambayar da ta haɗiye shekara takwas sai ta fito a gindin bedin nan, ni kuma ina amsa mata daga takarda. Ita ta matsa wa baffa ya nemo na biyu a kasuwar Konni. Na biyun ya ƙare saurayin na kwance da zazzaɓi a tashar mota, ya rungume jaka, cikinta turmin atamfa da ya saya wa uwarsa. A ƙasa aka rubuta a nemi na uku.

Na ukun ya sha nema. Sai da aka yi shuka, gero ya kai gwiwa, sannan baffa ya zo da shi, kaka na gona. Na kasa haƙuri. Na shige ɗakin babana, inda ba mai shiga, na karance shi a tsaye. Saurayin ya hau motar. Saura gari biyu a iso ya cika. Fasinjoji suka sauke shi, mutanen wani ƙauye da ba su san sunansa ba suka yi masa sutura a bakin hanya, direba ya kawo wa uwar jakar. Na tsuguna a ɗakin nan mai warin sabon yaɓe na yi kuka har na gode Allah. Ba don kaka kaɗai ba. Ni ma ashe jira nake, ni ma na ɗora wa yaron littafin fuskar babana da ban iya tunawa.

Kwana uku muna karatun na ukun daidai yadda yake. Rana ta huɗu muka iso wurin. Na riƙe littafin a gaban fuskata, na buɗe baki na shirga ƙarya. Na ce zazzaɓin ya sauka a hanya. Na ce motar ta tsaya a bakin kasuwa, yara suka ruga da gudu suna gaya wa uwar, ta fito ba ko takalmi. Na sa shi ya durƙusa, na sa ta ɗaura atamfar, na sa aka rufa ɗaki da kwano kafin ruwa ya sauka. Ina yi ina juya shafi. Na ce, "Ya dawo gida, bai sake fita ba." Na rufe littafi.

Kaka ta ce, "Madalla." Ta naɗe zarenta ta tashi ɗora tukunya. Na ji kamar na sauke dutse, har ina yaba wa kaina.

Bayan shekara biyu aka ce an yi fim ɗin littafin. Wani maƙwabcinmu da ya dawo daga cin rani da talabijin da ɗan janareto ya samo faifan, ya ce mata su zo kallo ranar Juma'a da hantsi. Na ce wa kaka kallon nan na yara ne, ɗakin da zafi, hayaƙin janareto zai tayar mata da tari. Ta yafa mayafinta ta ce in wuce mu tahi.

Fim ɗin ya ɗauki littafin ya yi masa wankin da bai roƙa ba. Ƙauyen ya zama unguwar birni. Uwar, wata budurwa ce aka barbaɗa wa hoda a kai, hannunta sumul, kaka ta ce wagga ba ta taɓa kusantar daddawa ba. Kwano biyun nan na tuwo, wurin da ya fi komai a littafin, babu shi sam. A madadinsa saurayin da 'yar attajiri suna ta zagaya itatuwa suna waƙa, kaya kala biyar a waƙa ɗaya. Ni dai ban ga rabin abin ba, tashar motar nake jira, zufa na bin bayana. Aka zo tashar. Ya hau mota. Sai ga asibiti, sai ga 'yar attajiri da likita, sai ga shi ya warke, ya shigo unguwa cikin farar mota, uwar ta rungume shi, mata a ɗakin suka ɗauki guɗa. Na saki numfashi. Na ce a raina Allah ya rufa mini asiri, ƙaryata ta zama gaskiya.

A hanyar komawa na kasa yin shiru. Na ce, "Kin gani ko, kaka? Ya dawo."

Muka shiga gida, ta zauna gindin bedi. Ta ce, "Su ma tausayin tsohuwa suka ji, kamar ke."

Na ce ban gane ba.

"'Yar lakwal, littahi ukku kina ce mani jida. Ran nan kin ce gida ya fi sau goma, ba tuntuɓe ko guda. Na san ba takarda kike dubi ba." Ta gyara zama. "Ɗauko shi. Karanta mani yadda mai shi ya rubuta."

Shekara biyu ta riƙe wannan a cikinta don kada ta kunyata ni. Na ɗauko littafin daga ƙarƙashin katifa. Na karanta mata motar, da fasinjojin, da mutanen ƙauyen da suka tsaya sahu a kan baƙon da ba su san uwarsa ba. Ta ce Allah ya saka musu da alheri. Na zo layin ƙarshe, na ce direba ya sauke jakar a ƙofar jida.

"Gida," in ji ta, a hankali.

Sannan ta kira sunan babana. Sunansa na yanka, cikakke, sau ɗaya, kamar yana bayan danga. Ban taɓa jin sa a bakinta ba sai ranar, ban kuma sake ji ba. Washegari ta aika baffa wurin liman. Aka dama gumba, aka yi addu'a, aka raba sadaka. Bazarar da ta biyo ba a yaɓe ɗakin ba, damina biyu ta kwantar da shi. Ita ma ba ta ga ta ukun ba. Har yau ban sani ba ko littafin nan sauƙi ya kawo mata ko shi ya karya mata abin da take dogarawa. Na tambayi kaina wannan ya fi a ƙirga, kuma yana yi mini ciwo. Babana dai ba mu sake jin ɗuriyarsa ba.

Yanzu ba mai jiran direba ya kawo na uku. Littattafan sun koma cikin waya, wasu ma karanta maka su ake yi, ka sa a kunne kana wanke-wanke. Maƙwabtana na saurare, ni ma nakan taya su. Muryoyin masu karatun santsi gare su, ba gargada, ba komawa baya, ba wata tsohuwa a gefe da za ta ce ba haka mai shi ya rubuta ba. Ni kuwa tun daga ranar nan, in na ji karatu ya cika santsi sai in kasa sakin jiki da shi.

Ɗiyata na tsaye jikin turmi tana jiran faɗa. Na ce ta ɗauki wayar ta sake karanta mini. Ta ɗauka, ta bi layin da yatsa, ta sake cewa babanta zai iso jida bayan la'asar. Na buɗe baki in gyara mata, sai na ji muryar da za ta fito ba tawa ba ce. Na ce mata to, Allah ya kawo shi lafiya, na mayar da hannuna cikin ƙullu.