Baba Mudathir da Kofin da Aka Rubuta wa Wani Wasa

Ranar Talata, 13 ga Mayu, 2025, da ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin na safe, Allah ya karɓi ran Baba Mudathir Garba a zauren gidansa da ke Ƙofar Wambai. 'Yarsa Hafiza ce ta ba ni wannan lokacin. Maƙwabcinsu ya ce sha ɗaya da rabi ne, amma ita ta duba waya, shi ya sa na ɗauki nata. Daga Allah muke, gare shi za mu koma.

Baba, kai ne kyaftin ɗin Shirwa, ƙungiyar ƙwallon kwando da ta ɗauko wa garin nan kofin ƙwararru na shiyya a 1994. Bara na san ka, lokacin da nake rubuta binciken kammala digiri a kan ƙungiyar. Sau tara na zo wurinka. Duk zuwa sai ka sa an kawo mini zoɓo, ka raka ni bakin titi da ciwon gwiwarka, ka tsaya har in sami keke. Da malamina ya soke babi na uku saboda rashin hujja, ka sa na karanta maka shi, ka saurara har ƙarshe, ka gyara mini sunaye biyu.

Jarida ɗaya ce kawai ta buga labarin nasararku, kuma wakilinta ya rubuta "ƙwallon raga". Wataƙila ragar da ke rataye a bakin kwandon ya gani. Ba a taɓa gyarawa ba. A takarda, kofin wasan da ba ku taɓa bugawa ba kuka ci.

Har yau ana musu. Nnaemeka, mai shagon kayan wasanni a Fadaman Mada, yana cewa kofin tsintuwa ne, wai manyan 'yan wasan abokan karawarku biyu ba su iso ba. Godspower, wanda kuka buga tare, yana cewa ba a taɓa tsare gida kamar yadda kuka tsare ba. Sai dai tun da ɓarin jikinsa ya shanye yake rikita shekaru, mutane kai kawai suke gyaɗa masa. Kai ba ka shiga musun. Sau ɗaya ka ce mini, "Salma, 'yata, ki zo da abin ɗaukar muryar nan ran Alhamis, in ba ki wasan ƙarshe daki-daki. Ban taɓa ba kowa ba."

Ban zo ba. Na ce sai na tabbatar da ranar wasan tukuna, kada in yi maka tambaya a kan kuskure. Sau uku ina ɗagawa.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Allah ya ba Hafiza da ƙannenta da Godspower haƙuri.

Ga abin da har yanzu ban sani ba:

Ranar da aka buga wasan ƙarshe.

Nawa da nawa aka tashi. Godspower ya ba ni alƙaluma uku daban-daban.

Ko 'yan wasan nan biyu sun iso.

Inda kofin yake.

Ko ka zauna a zaure kana jirana ranar Alhamis ɗin farko. Ban iya tambayar Hafiza ba.