Kawuna Mai Kai Kwalabe

Kawuna, yayan mahaifiyata, bai taɓa aikin asibiti ba, amma a ƙauyukanmu babu wanda ya kai shi sanin hanyar asibiti. Shekara ashirin yana haya da babur. Mai naƙuda, wanda ya faɗo daga bishiya, wanda maciji ya sara, duk a bayansa suka isa gari. Ga surutu ga tsokana, ko shan mai ya tsaya sai ya bar mutane suna riƙe ciki.

Ni ce ma'aikaciyar ƙaramin asibitin ƙauyenmu, ɗaki biyu da benci ɗaya. Da aka kawo mana shirin gwajin sankarar hanji, aikina shi ne in ba duk wanda ya haura hamsin wata 'yar kwalba mai tsinke a murfinta. Mutum ya je gida ya ɗan dangwalo bayan gidansa da tsinken, ya rufe, ya dawo mini da ita. Sai in rubuta cikakken sunansa a jiki da manyan baƙaƙe, in jera a kula, akwatin nan mai riƙe sanyi. Kowace Alhamis Kawu ke ɗaure kular a bayan babur ya kai ɗakin gwaji na babban asibiti, inda ake duba ko akwai jinin da ido ba ya gani.

Da farko guduna ake yi. Wane dattijo ne zai miƙa irin wannan kaya ga yarinyar da aka haifa a gabansa? Kawu ne ya shawo mini kansu. Ya tsaya a bakin maƙera ya ce, "Kai maƙeri, abin da kake zubarwa kullum kyauta, shi ne yau ya zama dukiyar da ba ka iya rabuwa da ita?" Aka fashe da dariya, washegari kwalabe suka fara zuwa. Maƙerin ma an ga jini a tasa, aka leƙa hanjinsa da na'ura, aka cire masa wani ɗan tsiro. Yana nan har yau yana cika mana kunne da dukan ƙarfe.

Shi Kawun lokacin yana da hamsin da bakwai. Na ba shi tasa kwalbar, ya ce ta faɗi a hanya. Da shekara ta zagayo na ba shi wata, ya ce an wanke ta a aljihun riga. Ni kuwa Allah ya yi ni da saurin hawa.

"Haba Kawu! Kai da kake yi wa mutane wa'azi?"

"Ke dai bari, 'yar nan, lafiyata lau. Mai hawa babur ai ba ya rabuwa da ɗan basir."

Na wanke shi tas a gaban marasa lafiya, na ce taurin kai ne kawai irin na tsofaffi. Ya ɗauki kularsa yana murmushi ya fita. Na rantse ba zan ƙara ɓata bakina a kansa ba, kuma kaicona, wannan rantsuwar na riƙe ta.

A shekara ta uku wandonsa ya fara yi masa yawa. Matarsa ta raɗa mini cewa ya daɗe yana ganin jini, yana ta ɗirkar jiƙon basir. Muka kai shi gari a mota. Likita ya ce ciwon ya riga ya kai hanta.

Wata la'asar ina yanke masa farce a gadon asibiti, sai ga 'yan mata biyu daga ɗakin gwaji sun shigo. "Baba Mai Kula, ya jiki?" Suka durƙusa, ya tsokane su kamar yadda ya saba. Bayan sun fita ya daɗe yana kallon ƙofa.

"Kin ga waɗannan?" ya ce. "Su ke karɓar kula a hannuna. Ɗaya tana ɗaga kwalabe tana kiran suna, ɗaya tana rubutawa, ni ina tsaye sai an gama in sa hannu. Yaran nan Baba suke ce mini. Yaya za a ɗaga tawa a kira sunana ina tsaye?"

Na dakata da yankan farcen. "Kawu, ai da na sa maka lamba maimakon suna, ko in kai da kaina. Me ya hana ka faɗa mini?"

"Ba ki tambaya ba, 'yar nan. Faɗa kika yi."

Ba da zafi ya faɗa ba. Ya ma miƙo mini ɗayan hannun don in ci gaba.

Bayan sati biyar ya rasu. Yanzu duk wanda ya ƙi dawo da kwalba nakan zaunar da shi in tambaye shi dalili, kuma ban taɓa jin dalilin da gyaransa ya wuce minti biyu ba. Na Kawu ma bai wuce ba. Shekara biyu yana shiga ɗakin aikina yana fita, ni ina ta kumbura fuska.