Kawu Iro da Harajinsa

Duk wanda ya zauna a layinmu na Tudun Wada ya san Kawu Iro, ƙanen mahaifiyata, ba ya wuce fasasshiyar kwalta bai yi mata faɗa ba. Sai ya jingine kekensa, ya riƙe ƙugu, ya ce, "Da kuɗina fa aka shimfiɗa ki!"

Malamin firamare ne, kuma tun yana sabon malami ake zare haraji daga albashinsa kafin kuɗin su iso hannunsa. Abokan aikinsa suna tsaki, shi kuwa gani yake bakin magana ya saya. A wurinsa, wanda ya biya ne kaɗai ke da ikon ƙorafi.

Wata rana a majalisa Alhaji Bala mai taya yana mitar famfo ya ƙafe. Kawu ya juyo.

"Alhaji, nawa ka biya bana?"

"Ai ina fitar da zakka, Malam."

"Wannan ta lahira ce, famfo kuwa na duniya ne. Yi shiru, mu da muka biya mu yi kukan."

Da aka ba shi hedimasta, abin da ake cirewa ya ƙaru. Wallahi tsire ya sayo mana! Matarsa, Inna Hajo, ta ce, "Malam, an ƙara yankarka kake murna?"

"Mai samu da yawa ake cire wa da yawa. Gwamnati da kanta ta shaida na yi arziki."

"To ka gaya wa gwamnatin man gyaɗa ya ƙare."

Ritaya ce ta karya shi. Fanshon farko ya zo ba a taɓa ko kwabo ba. Ya zura babbar riga, sai ofishin haraji.

"Ɗana, an manta ba a cire mini ba."

"Baba, ai ba a cirewa a fansho."

Bai haƙura ba. Ya shiga kiwon kaji, shekara na zagayowa ya koma ya faɗi abin da ya samu a ƙwai. Ma'aikacin ya ce, "Baba, samunka bai kai inda haraji ke farawa ba."

"Au, kajin nawa ka raina?"

Mun sha dariya, amma daga ranar Kawu ya yi gum. Kwata ta toshe, shara ta taru, ko uffan. Ya ce shi yanzu ba shi da baki a ƙasar nan. Har ramewa ya yi, abin ya fara ba ni tsoro.

Ran nan sai ga shi a shagon ɗinkina a Kwangila.

"Ladi, ke wa ke cire miki?"

"Ba kowa, Kawu, aikin kaina nake yi."

"To mai aikin kansa shi ke kai kansa. Ɗauko mayafinki."

A ofis aka ba ni takardar da zan rubuta samuna na shekara. Na so in rage, Kawu ya yi gyaran murya a bayana ya ce, "Har da ɗinkin Sallah." Haushi kamar in fashe! Da muka fito da rasit, ya miƙo hannu a hankali ya ce, "Ara mini." Tun daga nan ya dawo da faɗansa, amma kullum sai ya fara da, "A madadin 'yata Ladi..."

Kwana biyu kafin ya rasu, yana kwance a asibiti, magana ma da ƙyar, ya yafito nas. Muka matso, muna zaton wasiyya ce. Ya nuna fankar da ba ta juyawa, ya ce, "A madadin 'yata Ladi, a gyara wannan."

Na yi dariya, hawaye na zuba. Ina kewarsa ƙwarai. Allah Ya jiƙan Kawu Iro, Ya yafe masa, Ya saukar da shi gidan da ba zai ga abin gyara ba.