Tukunyar Husseina da Hancin Rabi'atu

A zangon Sokode da ke ƙasar Togo aka yanke wa Husseina cibiya. Mahaifinta Bahaushe ne mai fataucin goro, daga ƙasar Nijar ya gangaro ya zauna. Mahaifiyarta kuwa 'yar Kotokoli ce da ke sayar da waci, wato shinkafa da wake, a ƙofar gida. Husseina ba ta taɓa taka lakwal, wato makarantar boko, ba, a gindin murhu ta girma, kuma tun tana ƙarama aka lura Allah ya ba ta hanci. Tana can tsakar gida tana wanki sai ta ɗaga kai ta ce, "Mma, wakenki zai kama," uwar ta buɗe tukunya ta tarar haka ne.

Bayan ta auri Mahama, direban kamiyo, babbar mota mai jigilar kaya tsakanin Lome da arewa, sai ta kafa rumfarta a bakin tasha. Rumfar kwano ce mai benci huɗu da tukwane uku. Da safe waci da soyayyen wagashi, cukun nan da matan Fulani ke kawowa. Da rana tuwon masara da miyar kuɓewa, ko sakwara da miyar gyaɗa. Ba ta taɓa auna komai ba, hannu ya ɗiba, hanci ya gaya mata ko ya isa. In mai manja ta kawo kaya, sau ɗaya za ta sunsuna bakin garwa ta ce, "Wannan an haɗa shi da tsoho," kuma ba a yi mata musu. Shekara ashirin da biyu ta yi a rumfar nan. Daga cikin tukwanen ta aurar da 'ya'yanta mata biyu.

Direbobi ne yawancin masu cin abincinta, sai fataken shanu. A cikinsu akwai wani dattijo, Alhaji Gajere, mutumin Gando, wanda duk lokacin da ya rako shanu kudu sai ya tsaya wurinta. Shi kullum da wuri yake zuwa, tun kafin rumfa ta cika, ya zauna a ƙarshen benci, ya ci ba tare da surutu ba.

Da shekarar 1991 ta kama, maganar demokaradiyya ta cika gari. Wanda duk ya zauna cin abinci da ƙaramin rediyonsa a gefe. Mutanen da suka shekara goma suna cin tuwo a benci ɗaya suka fara yi wa juna kallon banza. Husseina ba ta da jam'iyya. In gardama ta yi zafi sai ta buga ludayi a murfin tukunya ta ce, "Ku cinye tukun, in kun fita waje ku ƙarasa." Yawanci sukan yi dariya su bari.

Wata safiya a daminar 1992 ta tafi kasuwa sayen manja. Tana dawowa da garwa a ka, sai ta tsinci kanta tsakanin taron samari biyu, waɗannan na tahowa da waƙa daga gabas, waɗancan sun tare hanya. Kafin ta sami lungun shiga duwatsu sun fara tashi. Ɗaya ya same ta a ƙeya. Ta faɗi da baya, kanta ya bugi bakin kwata, manja ya malale a jikinta har waɗanda suka ɗauke ta suka kasa bambance shi da jini. Ba a taɓa sanin wanda ya yi jifan ba, ko daga wane ɓangare yake.

Kwana biyar ta yi a asibiti, sati uku a gida. Rauni ya warke, jiri ya daina. Ranar da ta koma rumfa mata maƙwabta suka yi ta yi mata barka. Ta hura wuta, ta ɗora mai, ta watsa albasa. Albasa ta yi cuu, ta yi laushi, ta yi ja. Husseina ta tsaya tana jira. Ta sunkuya har tururi ya jiƙa mata fuska. Ba ta ji komai ba.

Ta ce mura ce. Bayan sati biyu ta koma wurin likita ita kaɗai, ya ce mata jijiyar da ke ɗaukar ƙamshi ce ta taɓu a faɗuwar nan, wani takan dawo masa, wani ba ta dawowa. Ta yi godiya ta fito, ba ta gaya wa kowa ba, har Mahama.

Harshenta yana jin gishiri, yana jin zafin barkono, iyakarsa ke nan. Miyar gyaɗa da ta kuɓewa ba su da bambanci a bakinta sai yauƙi. Ta ci gaba da dafawa da abin da hannunta ya saba. Wata rana waci ya kama, wata rana daddawa ta yi yawa. Mutane suka ce ai ba ta gama murmurewa ba, suka yi mata uzuri. Haka ta yi wata biyu.

Ran nan Alhaji Gajere ya zo da hantsi kamar yadda ya saba. Ta zuba masa tuwo, ta ɗora tsoka biyu. Ya kai loma ɗaya, ya tauna a hankali, sai ya ture kwano ya wanke hannu. Ya duba ya ga ba kowa kusa.

"Uwar tuwo, matso nan."

Ta matso.

"Naman nan ya juya. Tun daga bakin rumfa na ji shi, na ce ko daga kwata ne." Ya dube ta. "Ke da kike jin tsohon manja ta bakin garwa. Me ya same ki?"

Husseina ta zauna a bencin da ba ta taɓa zama a kai ba. Ta ce, "Alhaji, tun ranar jifan nan ban sake jin ƙamshi ko wari ba. Ko wuta ta kama zanena, sai dai in gani."

Ya ce, "Allah ya sa kaffara ce. Daga bakina ba wanda zai ji. Amma kada ki ba kowa wannan."

Yana tafiya ta kinkimi tukunyar ta juye a kwata. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne, da dattijon bai zo da wuri ba, da mutum arba'in sun ci daga hannunta. Ta wanke tukwanen uku, ta kife su, ta ɗaure ƙofar rumfa da igiya.

Da Mahama ya dawo daga hanya ya ji labari, ya ce, "Wata biyu kina ɗauke da wannan ke kaɗai? Me ya hana ki faɗa mini?"

Ta ce, "Maigida, na ga kamar in na furta shi ke nan ya tabbata."

Ba a jima ba aka shiga dogon yajin aikin nan da ya tsayar da ƙasa. Kaya suka daina fitowa daga Lome, kamiyo suka jeru a tasha ba mai tayar da su. Mahama ya zauna ba aiki, ita ma ba rumfa. Sai yayarsa Rabi'atu ta aiko daga Dapaong, can arewacin ƙasar, cewa su taho, akwai ɗaki, akwai gero, a ci abin da ya samu tare.

Rabi'atu gwauruwa ce, mijinta ya daɗe da rasuwa. Doguwa ce mai babbar murya, tana sayar da koko da ƙosai kusa da tashar Dapaong. Ita da kanta takan ce girkinta na cika ciki ne kawai, ba na a ba da labari ba. Ta yi murna da zuwan matar ƙanenta, tana tsammanin ta sami mai dafa mata abincin rana. Husseina ta ce a'a. Za ta yi daka, za ta yi wanke-wanke, za ta ɗebo ruwa, amma ba ta ƙara taɓa tukunyar da wani zai ci. Rabi'atu ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta gaji ta ƙyale ta.

Ƙarshen watan Janairu na 1993 labari ya zo cewa an zubar da jini a Lome. Cikin 'yan kwanaki motoci suka fara isowa cike da 'yan arewa masu gudowa gida, da katifu da kwanoni a ɗaure a sama. Wasu sun kwana biyu a hanya ba su sa komai a baki ba. Suka zube a tasha, mata da yara, suna jiran motar da za ta kai su ƙauyukansu. Kokon Rabi'atu ya ƙare tun kafin rana ta ɗaga. Ta dubi mutanen, ta ce wannan ba lokacin ciniki ba ne. Ta aro tukunyar biki, 'yan zango suka kawo shinkafa da mai, ta ce za ta yi dafa-duka sadaka.

Husseina na gefe tana wanke kwanoni, bayanta ga murhu. Ba ta juyo ba ta ce, "Yaya, albasarki ta yi shiru. Zuba tumatir, za ta ƙone."

Rabi'atu ta leƙa. Gefen albasa ya fara baƙi. Ta zuba tumatir da sauri, sannan ta tsaya riƙe da ƙugu.

"Ta yaya kika sani?"

"Kukan man ne ya canja."

Rabi'atu ta miƙo mata ludayi. "To tashi ki karɓa. Ni ban taɓa dafa wa mutum ɗari ba."

"Yaya, kin san ba ni da hanci."

"Ni ina da shi. Ga shi nan ƙato, shekara hamsin ina yawo da shi ban san amfaninsa ba. Ke ki dafa, ni in sunsuna. Dubi yaran can, Husseina. Ba su da lokacin jiran hancinki."

Husseina ta dubi yaran. Ta goge hannu a zane ta karɓi ludayin. Ta shiga juya tumatir. Duk abin da za ta sa sai ta fara kai wa Rabi'atu hanci, kifi busasshe, daddawa, mai. Ranar sau uku suka sauke tukunyar. Sun yi kwana goma sha ɗaya suna haka, har masu gudowa suka ragu.

Daga nan rumfar koko ta koma ta abinci, amma ba da sauƙi ba. Husseina za ta buɗe murfi ta ce, "Yaya, me kika ji?"

"Ƙamshi."

"Ƙamshin me?"

"Na abinci mana! Ƙamshi nawa ne a duniya?"

"Gyaɗar ɗanya ce har yanzu, ko ta fara tashi kamar ta ƙuli-ƙuli?"

Sai Rabi'atu ta sake sunkuyawa tana gunaguni. Sun yi faɗa ba adadi, har akwai ranar da suka wuni ba mai ce wa wani uffan, sai dai Husseina ta miƙa ludayi, Rabi'atu ta sunsuna ta gyaɗa kai ko ta girgiza. A hankali Rabi'atu ta koyi bambance abin da take ji da ba shi suna. Ita kuma Husseina, wadda a da take raina masu awo, ta sami gwangwanin tumatir ta mai da shi ma'auni. Ta koyi sauraren tafasar miya, da kallon yadda mai ke tasowa a gefen tukunya. Nama ba ta saye sai wanda aka yanka a gabanta. Zabi kuwa da ransu take karɓa daga matan Korbongou.

Da yajin aiki ya ƙare hanya ta buɗe, Mahama ya ce su koma Sokode, rumfa na nan, mutane na tambaya. Husseina ta ce, "Maigida, in na koma, wa zai sunsuna mini? Hancina yana nan Dapaong." Rabi'atu na jin su ta ce ita dai ba inda za ta. Mahama ya yi dariya, ya ce ai hanyarsa ta bi ta garuruwan biyu. Suka zauna.

Ƙamshi bai dawo mata ba. Lokaci-lokaci takan ji kamar warin roba na ƙonewa alhali ba abin da ke ƙonewa, ya wuni a hancinta ya tafi. Cin abinci ya zama mata aiki, tana ci ne don kada ta faɗi, har ta rame. Abin da ya fi damunta ba na tukunya ba ne. Da aka kawo mata jikarta ta fari tana jaririya, ta sa hanci a kanta kamar yadda ta yi wa 'ya'yanta, ta daɗe a haka, sannan ta miƙa ta ga uwarta ta fita waje.

Shekara goma sha ɗaya suka yi suna girki tare. Direbobin da ke haye iyaka suka san rumfar, suna ce mata wurin matan nan biyu. Sannan Rabi'atu ta kwanta ciwon ƙirji, sati biyu Allah ya karɓi abarsa.

Ranar sadakar uku matan zango suka taru don girki. Sun san lalurar Husseina, don haka wata ta ce ta zauna ta huta, su za su yi. Ta ce a'a, abincin Yaya ita za ta dafa. Wata kuma ta matso ta ce to bari ta riƙa sunsuna mata. Husseina ta yi mata godiya, ta ce ta bari.

Ta tsaya a gaban tukwane huɗu tun sanyin safiya, da gwangwaninta a hannu, kanta a karkace tana saurare. Wajen azahar aka fitar da abinci, malamai suka ci suka yi addu'a, aka kai wa maƙwabta, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba. Kwanoni suka dawo ba ko ƙwayar shinkafa. Husseina ta zauna a ƙofar ɗakin marigayiyar, a nan ta yi kukan da ba ta samu ta yi ba tun ranar rasuwar.

Bayan sadakar bakwai ta buɗe rumfa ita kaɗai. Ta rage tukwane zuwa biyu, ta daina miyar kifi. Ta ƙara shekara shida tana dafawa, har gwiwoyinta suka hana ta tsayuwa, babbar 'yarta ta zo ta ɗauke ta zuwa gidanta a Langabou.