Mota a Zauren Surukina

Ban taɓa sayen abin banza irin jar motar nan ba. A lokacin ina malamin awon auduga a Faskari, wani Bature mai haƙar ma'adinai zai koma ƙasarsu, ya kakaba mini ita. Kujerunta biyu tak, rufinta tamfol ne da ake naɗewa, cikinta kuwa yana jan ƙasa kamar ƙadangare. Ko buhun dawa guda ba ta ɗauka. Amma in na taka ta a hanyar Funtuwa, iska na neman cire mini hula, ji nake duk lardin nan babu ya ni. Ranar kasuwar Ƙanƙara nakan je ba don zan sayi ko allura ba, sai don a gan ni.

Sai aka tura ni Zariya ƙaro ilmi, zaman da zai kai kusan shekara, kuma can babu inda ɗalibi zai aje mota. Gidan haya zan saki, matata za ta koma wurin iyayenta a Ruwan Godiya. Na ce motar ma ta bi ta. To ni da surukina ba ma doguwar magana. In na gan shi na tuɓe takalmi, na tsugunna, na gaishe shi kaina a ƙasa, shi ke nan. Don haka wan matata na aika, na ce a roƙa mini Baba ɗan gefen da za a kafa rumfa.

Ranar da na kai motar sai na tarar an fasa ƙofar zaure, an faɗaɗa ta. Zauren nan a ciki tsohon yake yini tun kafin a haifi matata. Nan yake karatu, nan yake cin tuwo da maƙwabta, nan ake kawo masa rigimar iyakar gona. Ga shi an kwashe buzunsa da butarsa an jingine a waje.

Na tsugunna a gaban surukina. Bai dube ni ba, ɗansa ya duba.

"Hwaɗa mashi rumhwa ta jaki ce. Abin suruki ba ya kwana waje."

Na buɗe baki in ce ba haka na nufa ba. Amma wa ya isa ya mayar wa suruki kyautarsa a gaban jama'a? Na ce, "Na gode, Baba." Iyakar abin da ya fita ke nan.

Aka tura motar ciki. Na ɗaga ta na ɗora a kan duwatsu don kada tayu su lotse, na tsiyaye ruwan lagireto, na kwance fulogi na ɗiga mai a kowane rami. Batir na cire don in kai wa wani makaniki a Funtuwa ya riƙa ba shi wuta. Duk ina yi ina jin idon mutane a bayana. Tsohon yana zaune a kan turmi yana kallo, can ya tambayi ɗansa, "Ba ta cin komi har ya dawo?" Aka ce ba ta ci. Ya ce to ai hatsi ce, a yi mata irin ta rumbu. Ya sa aka zagaye duwatsun da toka saboda gara, aka barbaɗa dakakken barkono a ƙarƙashin kujeru saboda ɓera, aka cusa tsumma a bakin salansa. Sannan aka kwaɓa ƙasa aka liƙe ƙofofin biyu, ta waje da ta cikin gida. Mutanen gida suka koma shiga ta wata kafa da aka yanka a danga.

Da zan tafi na waiwaya, na gan shi yana shimfiɗa buzunsa a gindin tsamiyar ƙofar gida. Kunya ta kama ni har cikin ƙashi. Na lallashi kaina da cewa ai shekara kwana ce.

Damina ta yi nisa aka aiko mini cewa Allah ya yi wa surukina rasuwa. Hanya ta lalace, sai a ƙafa na ƙarasa garin, ranar sadakar uku. Na tarar da masu zaman makoki a gindin tsamiyar nan, an kafa zana a kansu, ruwa na yoyo. Dattawa masu furfura sun takure, bakin rigunansu sharkaf da laka, ga zaure a liƙe a bayansu. Babu wanda ya ce mini komai sai gaisuwa. Da ma zagina suka yi.

Na ja wan matata gefe, na ce me ya hana a fasa? Ya ce tun farkon ruwa suka so fasawa, da tari ya kama tsohon, don ya daina zama cikin sanyi. Ya hana. Cikin gida kuma ba ya yini, wai ba ya zama cikin mata baƙi na sallama a waje.

"Cewa ya yi amana ce, sai mai ita ya zo. Har ranar da zai cika sai da ya sake hwaɗi."

Na karɓi gatari na fasa da hannuna. Barkono ya sa mu atishawa. Motar tana nan yadda na bar ta, ko zare ɓera bai taɓa ba, jan fentinta na sheƙi a cikin duhu. Wani dattijo ya leƙa, ya ce, "Kai, Malam ya iya ajiya." Na so ƙasa ta tsage in shige.

Muka sauke ta daga kan duwatsun, muka turo ta waje cikin ruwa, ban ko ja tamfol ɗin rufinta ba. Na share tokar, na ɗauko buzun tsohon daga gindin tsamiya na shimfiɗa inda yake a da. Jama'a suka shigo suka zazzauna, suka bar wurin buzun babu kowa.