Ragon da na sa a waya

Ni na naɗi kukan ragon da hannuna, ba wanda ya sa ni. Na zagaya bayan gida, na ja wutsiyar wani fari mai ƙaho ɗaya, ya yi kuka, na ɗauka a waya ina dariya har da hawaye.

Lokacin sakamakon jarrabawarmu ya fito, amma ba a tura ni kowace sakandare ba. Irinmu sai mu shiga wani shafi a intanet mu zaɓi makarantar da ke da sauran gurbi. Ni Salaga nake so, makarantar kwana, inda ba mai aikena yankan ciyawa. To amma shafin nan ya fi tsohon babur ɗin Baba mutuwa. Ka taɓa shi ya suma. Ko harara ka yi masa ya suma.

Yayana mai gyaran waya a Yendi ya ce in daina ƙona data. Ya turo mini wata manhaja mai leƙa shafin duk bayan minti biyar. In ya faɗi ta yi ƙara, in ya tashi ta yi wata ƙarar daban.

"Ka sa wadda za ka ji, ɗan nema," in ji shi.

"Haba Yaya, da injiniya fa kake magana."

Na sa kukan wani jaki da na naɗo a kasuwa na faɗuwa, kukan ragon kuma na tashi. Batirin wayar ya lalace, don haka kullum tana caji a tagar da ke kallon bayan gida. A makon ne Baba ya sauke raguna daga kan iyaka. Duk Bawku ba gidan da ya kai namu kuka, ko kiran salla da kyar muke ji.

Gidanmu dai ba jaki. Da ya yi kuka a taga sai in yi tsalle in sanar wa duk unguwa: "Ya faɗi! Ya sake faɗuwa!" Har yara suka koya suna taya ni. Kwana uku ina wannan aiki, ina ji kamar ni ke riƙe da intanet ɗin ƙasar.

Rana ta huɗu Mma tana tankaɗe, jakin ya yi kuka, na yi shelata. Ba ta ko ɗago ba.

"Kai, zo nan. Abin da bai tashi ba, ta yaya yake sake faɗuwa?"

Na ruga na duba manhajar. Tana ajiye komai: ja, ja, kore, ja. Koren nan duk lokutan da shafin ya tashi ne, ragona ya yi ta kira a taga, 'yan'uwansa na bayan gida suna amsa masa. Akwai wani kore dogo, ya kusa awa ɗaya. Na tuna lokacin, ina tsaye ƙarƙashin tagar ina dama musu dusa.

Na canza kukan ragon da wata ƙara, na zauna rungume da waya, ko banɗaki da ita nake shiga, in dawo da gudu in mayar da ita caji. Washegari da hantsi shafin ya tashi. Na nemi Salaga, babu ita a jerin, ta cika. Na nemi Yendi, ko don in raɓu da Yaya. Na danna, abin ya yi ta juyawa, sai jaki ya yi kuka a tafin hannuna.

Na kira Yaya. Da na gama ba shi labari sai ya ce, "Injiniya." Ya kashe.

Da shafin ya sake dawowa, Yendi ma babu. Baba bai yi faɗa ba, ni kuwa na so a ce ya yi. Igiya kawai ya miƙo mini, ya ce gobe kasuwa.

Ban shiga makaranta ba a shekarar. Ni na ja mai ƙaho ɗayan zuwa kara, kasuwar dabbobi, aka sayar da shi kafin azahar.